Kwana a Bakin Zambezi: Yadda Ruwa ke Zaɓa wa Baƙo Masauki a Livingstone

Duk mai shirin zuwa hutu Magangarar Biktoriya ya fara sanin wannan: babu ɗakin otal ɗin da zai buɗe taga ya ga ruwan yana zuba, ko nawa zai biya. Kogin Zambezi yana tahowa a shimfiɗe, faɗinsa mita 1,708, sai ƙasa ta tsage a gabansa, ya afka cikin wani siririn kwazazzabo da zurfinsa ya kai mita 108. Fuskar ruwan tana cikin ramin. Ba a ganinta sai an taka da ƙafa zuwa bakin dutsen da ke fuskantarta, kuma wannan bakin dutse, ta Zambiya da ta Zimbabuwe, yana cikin gandun da hukuma ta killace, sai an yanki tikiti ake shiga. Abin da otal mafi tsada ke sayarwa shi ne farin tururin da ke tashi sama, da rugugin da ba ya yankewa dare da rana, da gajerar tafiya zuwa ƙofar gandun. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne. Sai dai hotunan talla, waɗanda akasari daga jirgi mai saukar ungulu ake ɗaukarsu, sukan sa mutum ya zaci daga kan gado zai sha kallo, har ya zuba kuɗin da ya daɗe yana tarawa a kan abin da babu shi.

Garuruwa biyu ne ke karɓar baƙin wannan ruwa. Ta arewa akwai Livingstone na Zambiya, wanda tsakiyarsa ke da nisan kamar kilomita 10 daga magangarar. Ta kudu akwai garin Victoria Falls na Zimbabuwe, ƙaramin gari da ke manne da gandun, har mutum na iya fita daga masaukinsa ya taka zuwa ƙofa. Tsakaninsu gadar ƙarfe ce da aka gama a 1905, cikin burin Cecil Rhodes na shimfiɗa dogo daga Kef zuwa Alƙahira. Wannan rahoto ya fi karkata ga Livingstone, domin a nan zaɓin ya fi faɗi, kuma a nan baƙo ya fi saurin yin kuskure.

Tambayar ina za a kwana ta girmi garin kansa. Turawan da suka fara zama a yankin a ƙarshen ƙarni na 19 sun kafa sansaninsu daf da ruwa, a mashigin da ake kira Old Drift, inda ake ƙetare kogi da kaya. Wurin fadama ne. Zazzaɓin cizon sauro ya yi musu ɓarna sosai, har yau kaburburansu na nan cikin gandun dajin Mosi-oa-Tunya. Da dogo ya iso aka gama gada, sai hukuma ta tashe su ta mai da su kan tudun yashi nesa da kogi, aka yanka tituna, aka sa wa wurin sunan David Livingstone, Baturen da 'yan ƙasa suka kai shi cikin kwale-kwale ya ga magangarar a watan Nuwamba na 1855. Garin ya zama hedikwatar Rodeshiya ta Arewa daga 1911 har 1935, lokacin da aka koma Lusaka. Saboda haka nisan da ke tsakanin Livingstone da ruwansa ba haɗari ba ne, da gangan aka yi shi. Mutanen gari suna kan tudu, manyan otal-otal na baƙi kuwa sun koma bakin ruwan da aka guje wa, da gidan sauro da feshin magani da kuɗi mai yawa.

A fara da wata, kafin a duba ɗaki

Yawancin mutane sukan zaɓi otal, sannan su tambayi yadda ruwa yake. A ganina an juya al'amarin. Zambezi, wanda shi ne kogi na huɗu a tsawo a Afirka bayan Nilu da Kwango da Neja, yana tasowa daga arewa maso yammacin Zambiya, ya ratsa ta Angola, ya dawo ya bazu cikin babbar fadamar Barotse. Damina a can takan fara wajen Nuwamba ta ɗauke wajen Maris, amma fadamar tana riƙe ruwan ta sake shi a hankali, shi ya sa ba ya cika a magangarar sai Afrilu zuwa Mayu, bayan sama ta washe. Daga nan yakan riƙa ja da baya har ya kai ƙarshen ƙarancinsa a Oktoba da Nuwamba.

Wanda ya zo a Afrilu zai ga abin da ba zai manta ba, amma ba zai ga magangarar sosai ba. Ta ɓangaren Zambiya akwai wata siririyar gadar ƙafa da ake kira Knife Edge, wadda ke haɗa bakin dutse da wani tsinin tudu. A lokacin cikar ruwa, tun kafin ka hau ta masu ba da hayar rigar leda sun tare ka, kuma ko ka sa, kafin ka kai tsakiya ka jiƙe sharkaf har cikin takalmi. Ruwan ba daga sama kaɗai yake zuwa ba, daga ƙasa yake tasowa, iska ta watsa maka shi a fuska. Ba ka jin maganar wanda ke gefenka. Ƙarfen da ka riƙe yana da santsi, gabanka fari fat, sai can iska ta ɗan yaye tururin na daƙiƙa biyu ka hango bangon ruwa mai launin ƙasa-ƙasa yana gangarowa, kafin ya sake ɓacewa. Tururin nan yakan tashi sama da mita 400, ana hango shi daga nisan kilomita da dama. A wannan lokaci ɓangaren Zambiya ya wadatar, kuma kuɗin da aka biya don ɗaki mai kallon tururi bai tafi a banza ba.

Wanda ya zo a Oktoba kuwa wani labari ne dabam. Gefen gabas na magangarar, wanda shi ne ke fuskantar masu kallo daga Zambiya, yakan zama baƙin dutse tsirara, sai 'yan zirara nan da can. Ban da raguwar kogi, akwai tashar lantarki mai ƙarfin megawat 108 da ke janye wani kaso na ruwan ta wannan gefe. Hotunan da suka zagaya duniya a 2019 ana cewa magangarar ta ƙafe, galibinsu wannan gefen aka ɗauka, a shekarar fari mai tsanani. Babban zubin ruwan, wanda ba ya yankewa, daga Zimbabuwe ake fuskantarsa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na faɗin magangarar daga can ake kallonsa. Don haka wanda ya kama ɗaki mai tsada a Zambiya a watan Oktoba, ba tare da izinin ƙetare gada ba, zai iya komawa gida bai ga abin da ya kawo shi ba. Abin da rani ke bayarwa a madadin haka shi ne damar shiga jirgi zuwa Tsibirin Livingstone, a tsaya a leɓen magangarar, masu ƙarfin hali kuma su shiga wani kududdufi da ake kira Devil's Pool. Ta Zambiya kaɗai ake zuwa can, kuma sai ruwa ya ja baya, wajen Agusta zuwa farkon sabuwar shekara.

Yuni zuwa Agusta su ne tsaka-tsaki: ruwa yana da ƙarfi, tururi ya ragu, ana ganin dutse da ruwa tare. Shi ya sa su ne watannin tsada da cikar ɗakuna. Sannan akwai abin da kan ruɗi mutanenmu. Wurin yana kudu da tsakiyar duniya, yanayinsa kishiyar namu ne. Lokacin da ake tsakiyar damina a Kano da Maraɗi, can sanyi ake yi irin na tsakiyar hunturu, musamman da asuba a bakin kogi. Ɗakin jinka mai buɗaɗɗen gaba da ya yi kyau a hoto, a watan Yuli sai da bargo biyu da ruwan zafi. A Oktoba kuma zafi yakan kusanci digiri 40, ɗakin da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki ko fanka mai ƙarfi ba ya kwanuwa.

Fasfo ma yana da ta cewa

Akwai biza ta haɗin gwiwa da ake kira KAZA, ta dala 50, wadda ke bai wa baƙo damar kai-komo tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, har da leƙawa Botsuwana na yini ɗaya. Kusan duk shawarar da ake bayarwa a intanet ta ginu ne a kan cewa mai karatu zai samu wannan biza a filin jirgi. Amma jerin ƙasashe ne ƙayyadaddu ake bai wa ita. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ya tuntuɓi ofishin jakadancin ƙasashen biyu tun kafin ya biya kafin alƙalamin ɗaki, ya kuma tabbatar ko bizarsa ta shiga sau ɗaya ce ko sau da yawa, domin wanda ya fita Zambiya da biza mai shiga ɗaya ya je kallo Zimbabuwe, dawowa ɗakinsa da kayansa sai da sabuwar biza. Katin rigakafin shawara shi ma ana nemansa ga masu zuwa daga ƙasashenmu. Idan ƙasa ɗaya kaɗai za ta samu, to watan tafiya ne zai nuna wace: daga Maris zuwa Yuli kowacce ta yi, daga Satumba zuwa Disamba Zimbabuwe ta fi. Hawa kan gadar kawai, ba tare da shiga ɗaya ƙasar ba, ana yinsa da 'yar takardar izini da jami'an shige da fice ke bayarwa a bakin iyaka.

Kowane gari yana da filin jirginsa. Na Livingstone shi ne Harry Mwaanga Nkumbula, yana daf da gari. Na Victoria Falls yana da ɗan nisa, kuma jirgin Habasha yana sauka can daga Adis Ababa. Wanda ya sauka Lusaka yana da tafiyar kusan kilomita 470 a mota. Mutum ya daidaita filin saukarsa da ƙasar masaukinsa, kada ya fara hutu da layin iyaka da akwatuna a hannu.

Leɓen ruwa, bakin kogi, cikin gari

Masaukan Livingstone sun kasu gida uku, kuma kowanne wani irin hutu yake sayarwa.

Mafi kusa su ne otal biyu da aka buɗe a 2001 daf da magangarar, Royal Livingstone da maƙwabcinsa Avani. Jakunan dawa suna kiwo a kan ciyawarsu, raƙuman dawa suna ratsawa tsakanin gine-gine. Babbar fa'idarsu ita ce baƙonsu yana da tasa ƙofar shiga gandun, ya shiga sau nawa ya ga dama ba tare da sabon tikiti ba. Wannan ya fi yadda ake zato muhimmanci. Tikitin shiga na sau ɗaya ne, wanda ya fito ya gama. Ga baƙon waje, Zimbabuwe ta ɗaga nata zuwa dala 50 a 2023, na Zambiya ya fi sauƙi, kuma rangwamen da ake yi na 'yan ƙasa ne da 'yan yankin kudancin Afirka, ban da mu. Ruwan kuwa yana canza kama da hantsi da yamma, bakan gizo yana sauya wuri da tafiyar rana, a daren da wata ya cika har farin bakan gizo ake gani cikin tururi. Mai iyali da ke son ganin duk wannan, idan ya lissafa tikiti da tasi na kwana uku, tazarar kuɗin takan ragu. Takwaransu a Zimbabuwe shi ne tsohon Victoria Falls Hotel, wanda aka fara a 1904 don ma'aikatan dogo da gada, daga barandarsa ana kallon gadar da tururi a bayanta. Abin da za a yi haƙuri da shi a duk waɗannan shi ne ƙarar jirage masu saukar ungulu da ke zagaya magangarar da 'yan kallo tun safe.

Kashi na biyu su ne masaukan da ke jere a gaɓar kogi ta sama, wasu kilomita biyar daga magangarar, wasu ashirin, wasu fiye, wasu ma a kan tsibiri sai da jirgi. Irin su Tongabezi, da wanda aka sa wa sunan Susi da Chuma, bayin Allah biyu da suka jagoranci ɗaukar gawar Livingstone daga tsakiyar nahiya har gaɓar teku bayan mutuwarsa a 1873. A nan Zambezi ba ya gaggawa. Da la'asar ruwan yakan kwanta, dorinai su fito da kunnuwa da hanci suna gurnani, giwaye su ƙetara zuwa tsibirai da hancinsu a sama. Bayan cin abincin dare ba a barin baƙo ya koma ɗaki shi kaɗai. Mai gadi ne zai shiga gaba da tocila, yana haska dama da hagu a kan hanyar katako, wani lokaci ya ɗaga hannu a tsaya cik, domin dorina ta fito kiwo a kan ciyawar da aka zauna shan shayi da yamma. Da safe za ka ga sawunta a laka, da kashinta a watse jikin itace. Ba wasa ake yi da baƙi ba, dorina da kada suna kashe mutane a wannan kogi, kuma shi ya sa da yawa daga irin waɗannan masaukai ba sa karɓar ƙananan yara. Mai tafiya da yara ya tambayi ƙa'idar shekaru tun farko.

Ina ganin kyan waɗannan wurare, kuma ban ga laifin wanda ya kai amarya can ba. Amma a san abin da aka saya. An sayi kogi da shiru, ba magangara ba. Kowace fita sai da motar masauki, a kan lokacinta. Babu shago, babu maƙwabci, babu inda za ka ci abinci sai teburinsu. Kuma farashin da ake rubutawa na mutum ɗaya ne a dare ɗaya, bisa sharaɗin biyu za su kwana a ɗakin. Mutum ya ga adadi ya ce da dama, ashe sai ya ninka shi biyu. Sau da yawa kuɗin ya haɗa da abinci da yawon jirgi da abin sha, abin shan kuwa har da giya. Wanda ba ya sha yana biyan kuɗin abin da ba zai taɓa ba, haka ma a jiragen yawon faɗuwar rana, waɗanda wasunsu shaye-shaye ne babban abin da ke tara mutane a cikinsu. Ana samun jirage masu natsuwa, ana kuma samun masaukin da zai rage farashi idan an cire giya, amma sai an tambaya.

Kashi na uku shi ne gari, kuma a nan nake son in daɗe, domin shi ne masu talla suka fi rainawa, shi ne kuma ya fi dacewa da yawancin masu karanta wannan. Babban titin Mosi-oa-Tunya ya ratsa Livingstone ya miƙe har magangara. A gefensa da lungunan bayansa akwai gidajen baƙi iri-iri: tsofaffin gidajen zamanin mulkin mallaka masu faffaɗar baranda da rufin kwano, da itatuwan mangwaro a tsakar gida, da sababbin gidaje masu ɗaki shida ko goma da 'yan gari suka gina. Akwai na matasa masu yawo da jaka a baya, irin su Jollyboys da Fawlty Towers, masu araha da hayaniya da dare, waɗanda ba lallai su dace da mai iyali ba. Akwai kuma gidajen da ake bayarwa sukutum da kicin, inda uwargida za ta iya aikawa kasuwar Maramba a sayo tumatir da albasa da ɗanyen kifi ta yi girkinta.

Wanda ya kwana a gari yana farkawa cikin mutane. 'Yan makaranta suna wucewa da yunifom, masu keke suna ɗauke da buhunan gawayi, 'yan tasi suna jira a bakin titi. Gidan tarihi na Livingstone, wanda aka kafa a 1934 kuma shi ne mafi tsufa a ƙasar, da ƙafa ake zuwa, a ciki akwai wasiƙun Livingstone da kayansa, da tarihin ƙabilun yankin tun kafin zuwansa. Akwai gidan tarihin jirgin ƙasa da tsofaffin injinan gawayi. Abincin gari shi ne nshima, wato tuwon masara, da ganye da soyayyar karfasa, kuma kuɗin faranti ɗaya a otal ɗin bakin kogi zai ciyar da iyali a nan. Garin yana da tsohuwar al'ummar 'yan kasuwa 'yan asalin Indiya, cikinsu akwai Musulmi, akwai masallaci, don haka Juma'a da naman yanka sun fi sauƙin samuwa a gari fiye da cikin daji. Wannan batu na nama ba ƙarami ba ne. A wuraren cin abinci na baƙi a gaɓar biyu, naman gadu da na kada suna cikin abin da ake alfahari da shi, ana kuma gasa su a kan waya ɗaya da sauran nama. Mutum ya faɗi buƙatarsa a rubuce tun lokacin kama ɗaki, ya maimaita ranar da ya iso, ya kuma sa butarsa a jaka.

Rashin gari shi ne tasi. Zuwa da dawowa magangara kuɗi ne, kuma a yi ciniki kafin a shiga. Wasu gidajen baƙi suna da motar da ke kai mutane kyauta sau ɗaya da safe, wannan abin tambaya ne. Kada kuma nisan kilomita 10 ya ruɗi mai son tafiyar ƙafa: titin ya ratsa hanyar giwaye, musamman a rani da yamma, kuma mutanen gari da kansu suna tsayawa su jira su wuce.

Tambayoyin da hoto ba ya amsawa

Ta farko ita ce wuta. Zambiya ta dogara ƙwarai ga lantarkin ruwa, musamman madatsar Kariba da ke ƙasa a kan wannan kogi. A 2024 fari ya yi tsanani har Shugaba Hakainde Hichilema ya ayyana shi a matsayin bala'in ƙasa, Kariba ta ja baya, aka kai ga gidaje suna samun wuta ta 'yan sa'o'i kaɗan a yini. Manyan otal-otal suna da janareta. Ƙananan gidajen baƙi sun bambanta, wasu sun sa sola, wasu janaretan nasu fitila kawai yake ɗauka. Kada a tsaya a tambayar ko akwai janareta. A tambaya ko yana ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki da famfon ruwa, kuma ƙarfe nawa ake kashe shi.

Sai sauro. Yankin na zazzaɓi ne, ya fi tsanani a damina da kuma bakin ruwa. Gidan sauro mara ɓula da raga a taga sun fi tafkin wanka amfani. Birai ma abin lura ne, domin a masaukan da ke kusa da gandun sun iya buɗe ƙofar da ba a kulle ba, su kwashe sukari da burodi har da jakar magani. Game da kuɗi, Zambiya kwaca take amfani da ita, Zimbabuwe kuwa, duk da sabon kuɗinta na ZiG da ta fito da shi a 2024, dalar Amurka ce ke yawo a hannun baƙi, kuma ƙananan takardu sun fi amfani saboda wahalar canji. A nemi jimillar farashi a rubuce, da haraji da kuɗin hidima da kuɗin shiga gandu, domin wasu masaukan da ke cikin gandun daji suna ƙara wannan a kowane dare. A kuma buɗe taswira a duba inda gidan yake da gaske. Sunan Zambezi ko na magangara a jikin allo ba ya nufin ana ganin ruwa daga can.

Akwai wata tambayar da ba ta shafi jin daɗin baƙo ba, amma ni tana damuna. Majalisar Ɗinkin Duniya, ta hannun UNESCO, ta sa wurin cikin kayan gadon duniya a 1989. Tun daga shekarun 2000, lokacin da rikicin tattalin arzikin Zimbabuwe ya koro baƙi zuwa Livingstone, gine-gine suke ta cin gaɓar kogin ta ɓangarorin biyu, har masu sa ido na hukumar suka yi gargaɗi a kan yawansu. Gandun Mosi-oa-Tunya ƙarami ne, murabba'in kilomita 66 kacal, a ciki ne 'yan karkandan da masu gadi ke bi da bindiga dare da rana suke. Duk katangar da aka ja a bakin ruwa tana rage hanyar da giwa ke bi ta sha, giwar da aka tare wa hanya kuwa unguwannin talakawa da gonakinsu take faɗawa. Mutanen Leya na ƙasar Sarki Mukuni, waɗanda suka zauna da wannan ruwa tun kafin a ba shi sunan sarauniyar Ingila, yawancinsu sassaƙa suke sayarwa a bakin ƙofa, ko su yi aikin gadi da share ɗaki. Baƙo ɗaya ba zai gyara wannan ba. Amma kuɗinsa yana zuwa wani wuri. Wanda ya kwana a gidan baƙi na ɗan gari, ya hau tasin gari, ya ci a gari, kuɗinsa ya zaga hannuwa da yawa kafin ya fita. Daga cikin masaukan bakin kogi ma akwai masu ɗaukar nauyin makaranta, kamar Tujatane da ta taso daga Tongabezi. Ba laifi ba ne mutum ya tambayi wa ke da gidan, kuma su wa ke aiki a cikinsa.

Da wani zai nemi shawarata a kan hutun kwana huɗu, zan ce ya raba shi. Dare uku a gari, a gida mai tsabta da tabbatacciyar wuta, ya kashe rarar a kan tikitin shiga ta ɓangarorin biyu idan biza ta ba da dama, da yini ɗaya a gandun Chobe na Botsuwana ta gadar Kazungula da aka buɗe a 2021. Dare na ƙarshe ya koma bakin kogi, ya isa da wuri don ya ci moriyar la'asar da safiya duka. Tsofaffi da masu ciwon gwiwa su ne zan ce su biya kuɗin kusanci tun daga farko, domin a gare su gajerar tafiya da damar komawa ɗaki a huta sun cancanci farashin. Mai zuwa tsakanin Yuni da Agusta, ko a hutun ƙarshen shekara lokacin da 'yan ƙasar da kansu ke cika garin, ya kama ɗaki da watanni, ya kuma zaɓi wanda ake mayar da kafin alƙalami idan biza ta makara.